Venansi Ya Yi Azumina

Kafin in fara, don Allah kada wanda ya ce mini in yi haƙuri. Na ji kalmar nan a makon nan har ta fita daga raina. Ku dai saurara, in na gama sai ku faɗa mini ko ni ce na cika fushi.

Sunana Osmunda Mapunda, a gida Munda ake ce mini. Ina aiki a ɗakin karatu na wata makarantar 'yan mata a nan Songea, kuma aikin ya dace da ni, don ni in aka tsare ni da ido harshena ɗaurewa yake yi. Amsar da ta kamata in ba mutum sai na koma ɗaki na kwanta take zo mini, lokacin da ba ta da sauran amfani.

Shi kuma sunansa Venansi Haule. Malamin firamare ne, shi ke kaɗa piyano a cocinmu. Dogo ne, mai sanyin murya, rigarsa kullum a goge ko da laka ta kai gwiwa a gari. Ya yi shekaru a makarantar horar da fada, wato limaman coci, kafin ya fito ya ce ba kiransa ba ne, kuma wannan fitowar ita ce laifinsa a gidanmu. Tun da muka fara soyayya, Baba bai taɓa yarda ya wuce bakin ƙofa ba. Gwaggo Kandida kuwa, yayar Baba da ke zaune tare da mu tun rasuwar mijinta, ba ta ma kiran sunansa. Rabin Fada take ce masa.

"Mutumin da ya dubi Allah ya ce na fasa," in ji ta, "ke wace ce da zai ji nauyinki?"

Ni ce mai tare masa. In ya makara, ruwa ne ya tare shi. In ya wuce Baba a hanya bai gan shi ba, tabarau ɗinsa ne ya karye. Har na ƙware, uzurin kan fito kafin a gama tambaya.

To ranar Larabar Toka, ranar da azuminmu ke farawa, muka dawo daga coci kowa da gicciyen toka a goshi, yayyafi ya fara jawo nawa zuwa kan hanci. Fada ya yi wa'azi mai zafi a ranar. Ya ce kada kowa ya zo wa Allah da abin da dama bai dame shi ba. Ka duba abin da zuciyarka ta fi maƙalewa a kai, in ji shi, shi za ka ajiye har Ista.

A gidanmu, in an zauna cin abincin ranar, wanda shi ke nan sai gobe, kowa kan faɗi abin da ya bari. Ranar Asabar kuma a maimaita a gaban jumuiya, taron addu'ar maƙwabta, wanda makon nan a gidanmu ya faɗo. Mama ta ajiye tuwon masara da miyar ganyen rogo, ba mai ba kifi, muka wanke hannu.

Gwaggo ce ta fara. Ta gyara ɗankwalinta mai ruwan shunayya, ta haɗa hannuwa a ƙirji.

"Ni bana na bar nama duk ranar Juma'a."

Mama ta dube ta. "Yaya, ai wannan kowa an hana shi."

"To ni da zuciya ɗaya na bari. Ku dole aka yi muku."

Mama ta haɗiye dariyarta, ta ce ita ta bar wasan kwaikwayon da take kallo da yamma, kuma duk wanda ya san Mama ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Aka zo kaina na ce ban gama tunani ba. Gaskiya na so in ce littattafan soyayya, amma na san kaina, zan ɓoye ɗaya a cikin littafin addu'a.

Saura Baba. Kowace shekara ulanzi yake bari, giyar gorar nan da ke cika gari da damina, don haka ba wanda ya ɗago kai. Can sai muka dube shi. Yana ta murza lomar tuwo a hannu bai kai baki ba.

"Bana ba ulanzi ba ne," ya ce. "Wannan kam tuni likita ya riga Allah karɓewa. Ina zaune ina jin Fada, na duba abin da na fi riƙewa a raina, sai na ga yaron nan ne. Ƙin sa nake yi safe da yamma kamar aikin da aka ɗauke ni. Munda."

"Na'am, Baba."

"Ki ce masa ya zo ranar Asabar. In an tashi daga addu'a ya zauna ya sha shayi a gidana, in ji ta bakinsa. Lahadi da sassafe zan tafi gona, ba zan dawo ba sai Ista."

Gwaggo ta ƙware, sai da Mama ta bubbuga mata baya. Ni kuwa ban san lokacin da na durƙusa ba. Baba mutum ne da ko kujerarsa ba ya yarda a matsar, yau ga shi ya matsar da kansa. Na ga yadda maganar ta fito masa da ƙyar, kamar ana cire masa haƙori.

Ko hannu ban tsaya wankewa da kyau ba na shige ɗaki. Wayata tana ƙarƙashin matashi, a kashe tun safe. Ina kunnawa saƙonsa ya shigo, har na yi murmushi, na ce ka ga mutumin kirki, kamar ya sani.

Ga abin da ya rubuto, ban canza ko kalma ɗaya ba:

"Munda, salamar Kristi. Wa'azin Fada ya shige ni yau. Na duba zuciyata, ban ga abin da ta fi maƙalewa a kai kamar ke ba. Don haka na durƙusa a gaban bagadi na yi alkawari ba zan kira ki ba, ba zan rubuto ba, ba zan yi miki magana ba har Ista. Ke ce hadayata. Na san za ki yi alfahari da ni. Lahadi ba ta cikin lissafin azumi, zan riƙa kiranki kowace Lahadi bayan an tashi coci."

A ƙasa ya sa hoton hannuwa masu addu'a da zuciya mai ruwan shunayya.

Na karanta, na sake karantawa, na zauna a bakin gado. Ke ce hadayata. Jama'a, ni akuya ce? Mutane suna barin sukari, suna barin giya, suna barin ƙwallo. Sukari in an bar shi, zamansa yake a gwangwani hankali kwance, ba ya kwana yana duba waya. Shi wannan bawan Allah ya tashi neman lada, sai ya ɗebo daga jikina, bai ko tambaye ni ba. Kuma wai in yi alfahari.

Na kira, ta yi ta ƙara har ta katse. Na sake kira. Na rubuta, "Venansi ɗauki waya, magana ce babba." Na rubuta, "Baba ya ce ka zo Asabar." Na rubuta da manyan baƙaƙe. Ina ganinsa a kan layi, har ya sauya hotonsa zuwa na Yesu a jeji, amma saƙonnina ko buɗewa bai yi ba.

Ranar Alhamis na dawo daga aiki na tarar Mama ta fito da kofunan baƙi, masu bakin zinariya, waɗanda rabon da su ga rana tun bikin yayata. Ta wanke leshin kujeru ta shanya a baranda saboda ruwa.

"Me ya ce?" ta tambaye ni ƙasa ƙasa.

"Ya yi murna sosai, Mama."

Kun ji ni ko? Haka bakina ya saba.

Gwaggo na daga gefe tana tsince wake a faranti. "Murnar ce ta hana wayarki ƙara? Kwana biyun nan gidan shiru kamar an yi rasuwa."

"Azumi ne, Gwaggo, mun rage hira."

"Uhm," ta ce, ta jefar da tsakuwa.

Juma'a da yamma akwai Hanyar Gicciye, kuma na san ko gari zai tsage Venansi ba zai rasa ba. Na sa doguwar rigata ta atamfa mai ganyen kore, wadda ya taɓa cewa ta fi kowacce yi mini kyau, na yafa baƙin gyale, na ɗauki lema. Ban shafa komai a fuska ba sai man kwakwa, kada a ce na zo coci neman miji da azumi.

Shi ne ma ke ɗauke da gicciyen, yana gaba muna bin sa daga wannan hoto zuwa wancan, a durƙusa a tashi. Fuskar nan tasa a sunkuye, ta yi wani haske na wanda ke shan wahala yana jin daɗinta. Tsofaffin mata sai kallonsa suke suna gyaɗa kai. Allah ya yafe mini, ban ji ko addu'a ɗaya ba a ranar. Ƙeyarsa kawai nake kallo ina shirya magana.

Da aka tashi na same shi a gindin mangwaron bakin coci tare da abokinsa Protasi, ɗan acaɓa, yana goge sirdin babur da tsumma. Venansi na hango ni ya juya ya fuskanci bishiya.

"Venansi."

Ya ci gaba da kallon bishiyar.

"Malam Venansi Haule, da kai nake."

Ya yi gyaran murya, ya dubi abokinsa. "Protasi, ka gaya wa 'yar'uwarmu ina gaishe ta cikin Ubangiji."

Protasi ya dube shi, ya dube ni, ya sosa kai. "Munda, wai yana gaishe ki."

"Na ji, ba kurma ba ce ni. Ka ce masa ya buɗe saƙonnina."

"Ka ce mata karantawa ma magana ce."

"Wai karantawa ma..."

"Protasi, don girman Allah rufe mini baki." Na ci gaba da sauri, don na san in na tsaya shi ke nan. "Baba ya ce ka zo gobe ka sha shayi. Baba da kansa. Ya ce ƙin ka da yake yi, shi ya bari saboda azumi. Ka ji abin da na ce?"

Na ga kafaɗarsa ta motsa. Ya kusa juyowa, wallahi ya kusa, har na ga gefen tabarau ɗinsa. Sai ya damƙe carbin da ke hannunsa.

"Protasi, ka ce mata na gode wa Allah da ya taɓa zuciyar Baba. Wannan alama ce hadayar ta fara karɓuwa."

"Kai ɗan'uwa," in ji Protasi, "wannan kam ba zan maimaita ba."

"Ka ce mata gobe ba zai yiwu ba. In na shiga gidansu ita za ta kawo shayi, dole in ce na gode, alkawari ya karye. A roƙi Baba ya mayar Lahadi."

"Lahadi da sassafe zai tafi gona sai Ista," na ce. "Kuma kai a wa da za ka sauya wa Baba rana? Mutumin nan ya haɗiye abin da ya fi ƙarfin maƙogwaronsa saboda kai."

"Ka ce mata na taɓa yi wa Allah alkawari na fasa, garin nan kaf ba a manta mini ba. Ba zan sake ba."

A nan kam muryarsa ta karye, kuma ba zan ɓoye muku ba, tausayinsa ya ɗan taɓa ni. Na san ciwon da sunan Rabin Fada ke yi masa. Amma tausayin bai daɗe ba, don na tuna wadda za a yanka a wanke wannan sunan.

"To da ka tashi alkawarin, ka tambaye ni? Azumin naka ne ko nawa? Kai kana nan tsofaffi na sa maka albarka, ni ina gida ina yi wa uwata ƙarya."

Ya ci gaba da jan carbinsa. Ruwa ya fara saukowa, manyan ɗigo suna bugun ganyen mangwaro.

"Munda, hau in kai ki gida," in ji Protasi a hankali. "Kyauta. Ni dai a azumin bana aiken masoya na bari."

Ban hau ba. Da ƙafa na tafi, jar laka ta ɓata mini gefen rigar har ƙauri, lemar ma a hannu na riƙe ta ban buɗe ba.

Asabar gari na wayewa muka shimfiɗa tabarmi a falo da baranda. Maƙwabta suka fara shigowa suna karkaɗe lema, takalma suka taru a bakin ƙofa. Mama ta soya mandazi, irin fanken nan namu, cike da roba, ƙamshin shayi mai citta ya cika gidan. Baba ya sa kwat ɗinsa mai ruwan toka, wanda ba ya sawa sai bikin baftisma ko jana'iza. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kujerar. Da hannunsa ya ɗauko kujerar katako daga ɗakinsa ya ajiye kusa da tasa, ya sa hannun riga ya share ta.

Aka yi waƙa, aka karanta Bishara, aka yi roƙo domin marasa lafiya. Duk motsin da aka yi a waje sai Baba ya ɗaga ido ya dubi ƙofa. Ni ina can lungu kusa da kabad, na ƙudundune cikin zani.

Sai shugabar jumuiya ta ce to, kowa ya faɗi abin da ya ajiye wa Ubangiji, mu taya juna riƙewa. Wani ya ce sigari. Wata ta ce gulma, aka yi dariya don an san ta. Gwaggo ta maimaita namanta na Juma'a ba ko kunya. Da aka zo kan Baba ya miƙe tsaye, ya faɗi abin da ya faɗa mana, a gaban maƙwabta duka, har da waɗanda suka sha jin yana zagin yaron. Ya nuna kujerar ya ce baƙonsa na hanya.

"Hanyar ta yi tsawo," in ji Gwaggo, tana kallon rufi. "Ko ya kai rabi ya fasa, yadda ya saba?"

Wasu suka sunkuyar da kai. Mama ta dube ni da idon roƙo. Uzurin kuwa har ya hau harshena, a shirye tsaf: zazzaɓi ne ya kwantar da shi tun jiya. Da na faɗa da an wuce wurin, a ce Allah ya ba shi lafiya, a sha shayi.

"Munda, saura ke," in ji shugaba.

Na miƙe. Na dafa gefen kabad har kofunan ciki suka yi ƙara.

"Ni..." Na gyara tsayuwa, na sake ɗaukowa. "Ni bana na bar ba da uzuri a madadin wani. Don haka Baba, ba ya hanya. Ba zai zo ba. Lafiyarsa ƙalau, jiya ma shi ya ɗauki gicciye."

Ruwa na ta dukan kwanon rufi, na ci gaba.

"Ya ji wa'azin Fada, ya duba abin da ya fi so, wai ni ce. Shi ne ya yi alkawari a gaban bagadi ba zai yi mini magana ba har Ista. Ni ya bari. Na gaya masa kiranka, ya ce a roƙe ka ka mayar Lahadi, don Lahadi ba ta cikin lissafi."

Wani dattijo a baranda ya yi tari don ya danne dariya, bai dannu ba. Matar gulma ta toshe baki da gyale. Gwaggo kuwa ta buɗe hannuwa kamar wadda aka ba kyauta.

"Ban faɗa ba? Yau ya yi azuminki, gobe in an yi aure sai ya yi azumin kuɗin cefane."

"Yaya, ya isa," in ji Baba.

Bai ɗaga murya ba, amma har ruwan sama kamar ya rage. Na tsaya ina jiran ya ce a mayar da kujerar ɗaki, magana ta ƙare. Hawaye na zuba, na fushi ne ba na komai ba, kuma na rasa wa na fi jin haushi, Venansi ko masu dariya ko ni da na sa rigar ganyen kore.

Baba ya daɗe yana kallon kujerar. Sannan ya ce wa shugaba a rufe da addu'a. Aka rufe. Ya ce wa Mama ta ba baƙi shayi. Ya shiga ɗaki ya fito da hularsa da babbar lemarsa, ya tsaya a bakin ƙofa yana neman takalmansa cikin tarin na mutane.

"Baban Munda, ina zuwa cikin ruwan nan?" Mama ta tambaya.

"Ni na yi alkawari a gaban jama'a zan sha shayi da yaron nan yau. Zuba mini a filas." Ya juyo gare ni. "Da ke ya ce ba zai yi magana ba ko?"

"E, Baba."

"To ni bai yi azumina ba. Wuce ki nuna mini gidan."

Na nemi wani abu a fuskarsa, fushi ko wasa, ban samu ko ɗaya ba. Haka muka fito, yana gaba da lema da kwat ɗin jana'iza, ina biye rungume da filas da mandazi a leda, maƙwabta sun yi cirko cirko a baranda da kofuna a hannu. Duk tsawon hanya yana sauri yana tsallake laka. Ni kuma ina ta tambayar kaina, in gyarawa zai yi, ina so a gyara? In kuma rabawa zai yi, zan iya?

Tun daga bakin layin muka jiyo piyano, waƙar azumi mai jan rai, daga ɗakin da Venansi ke haya a bayan shagon tela. Baba ya tsaya a ƙofar, ya naɗe lemarsa a hankali, ya karkaɗe ta, ya ƙwanƙwasa da ƙarfen hannunta.

Kiɗan ya tsaya.

"Wane ne?"

Baba ya karɓi filas ɗin daga hannuna, ya matsar da ni gefe inda za a gan ni da kyau in an buɗe.

"Ke kada ki ce komai," ya ce. "Yau ni zan tambaye shi wa ya ba shi 'yata da har zai kai ta bagadi."

Muka ji ƙarar sakata.